Kwamfutar da ke daskarewa da zargin da ake yi wa fayilolin wucin gadi

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan'uwa mai shagon buga takardu da fotokwafi a Agege. Ya ce yana da kwamfutar tebur da ya saya ta hannu, mai Windows 10 da ram, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da ke hannu, na 4GB, kuma a 'yan watannin nan ta tsiri daskarewa ana tsakiyar aiki, ba ta ko motsi sai ya danne maɓallin kunnawa ta mutu, sannan ya sake tayar da ita. Wani ya ce masa fayilolin wucin gadi ne suka lalace, ya shiga ya goge su, ta yi kwana biyu lafiya, daga nan ta koma gidan jiya. Yanzu har wata takardar kwastoma da ya buga a Word ta ƙi buɗuwa. Abin da yake son sani shi ne ko ya kai ta a yi mata fomatin kawai ya huta.

Malam, kafin komai ina roƙonka ka jingine maganar fomatin, kuma ka dakatar da goge-goge har sai ka kwashe ayyukanka zuwa wani wuri dabam. Wanda ya ba ka waccan shawara yana da tasa gaskiyar, domin lalataccen fayil na wucin gadi yana iya tsayar da manhaja cak. Sai dai a yawancin kwamfutocin da ake kawo mana da irin wannan ƙorafi a Computer Village da ke Ikeja, abin da muke tararwa shi ne daskarewar ce ke fara zuwa, mai kwamfuta ya kashe ta da ƙarfi, sannan fayilolin su lalace a sanadin wannan kashewar. Idan haka lamarin yake, goge su zai ba ka sauƙi na ɗan lokaci, amma abin da ke daskarar da ita yana nan daram, kuma idan faifan ajiya ne ke kan hanyar mutuwa, kowace rana da ka ƙara kana aiki a kansa tana rage maka damar ceto takardun mutane.

Yana da kyau ka san abin da waɗannan fayiloli suke. Duk manhajar da ke aiki tana buƙatar wurin da za ta ajiye abin da ba ta gama da shi ba, kamar dai takardun gwaji da kake bugawa ka duba kafin ka fitar da na kwastoma, waɗanda in an gama aiki sai kwandon shara. Windows ta ware manyan wurare biyu domin haka. Ɗaya na mai amfani da kwamfutar ne, yana cikin foldar da ke ɗauke da sunanka a C:\Users, ƙarƙashin AppData\Local\Temp, kuma shi ne ke buɗewa idan ka danna maɓallin Windows tare da R ka rubuta %temp%. Ɗayan na tsarin ne kansa, yana C:\Windows\Temp. Ban da waɗannan biyu, kowace babbar manhaja tana da nata lungun. Burauza tana tara hotunan shafukan da ka ziyarta, firinta tana da layin takardun da ke jiran bugu, sabuntawar Windows tana da inda take sauke kayanta, Word kuma tana ajiye kwafin gaggawa na takardar da kake rubutawa. A ƙa'ida kowace manhaja tana share nata idan aka rufe ta yadda ya kamata, amma idan aka katse mata aiki sai su zauna a nan, wasu cikakku, wasu rabi.

Dalilin da fayil ke zama rabi shi ne, idan ka danna ajiyewa, Windows ba ta rubuta komai da komai a faifai nan take. Tana riƙe wani ɓangare a cikin ram na ɗan lokaci, sannan ta riƙa sauke shi a faifai, domin hakan ya fi sauri. Shi kuwa ram ba ya riƙe komai da zarar wuta ta yanke. Saboda haka idan aka ɗauke wuta, ko ka danne maɓalli a daidai wannan lokacin, abin da bai sauka ba ya tafi ke nan. Tsarin NTFS da Windows ke shirya faifai da shi yana da kundin da yake rubuta canje-canjen da suka shafi sunayen fayiloli da wuraren da suke zaune, shi ya sa kwamfuta ke iya tashi lafiya bayan an kashe ta da ƙarfi, amma wannan kundi ba ya kare abin da ke cikin fayil ɗin. Sai ka ga sunan takarda yana nan, girmanta ma yana nan, amma cikinta ya hargitse. Ga mai aiki a Legas, inda a yini guda ake iya sauyawa tsakanin wutar gari da janareta sau da dama, kowace sauyawar da ta kashe kwamfutar tebur wadda ba ta da UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe ta in wuta ta yanke, daidai take da danne maɓallin nan.

Akwai dai lokutan da fayilolin wucin gadi su ne masu laifin da gaske, kuma alamar hakan ita ce matsalar tana faruwa a wuri guda, a kan aiki guda, kowane lokaci. Wanda ya fi shafar mai shago irinka shi ne layin firinta. Idan wata takarda ta lalace a kan layi, Word ko CorelDRAW suna iya sandarewa da zarar ka danna bugawa, alhali sauran kwamfutar lafiya lau take. Maganinsa shi ne ka danna Windows da R, ka rubuta services.msc, ka nemo Print Spooler ka tsayar da shi, ka shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ka goge abin da ke ciki ka bar foldar kanta, sannan ka koma ka tayar da Print Spooler. Haka nan idan daskarewar tana zuwa ne kawai lokacin da ka buɗe foldar da ke cike da hotuna, to ƙananan hotunan nuni da Windows ke tarawa ne suka lalace, ko kuma wani hoto ko bidiyo guda a cikin foldar. A Disk Cleanup, manhajar shara da Windows ta zo da ita, akwai wurin da za ka zaɓi Thumbnails ka share su. Idan CorelDRAW ce ke maƙalewa tun wajen buɗewa, riƙe F8 yayin da take tashi yana mayar da saitinta yadda ya fito daga kamfani. Wata hanyar da suke jawo daskarewa ita ce ta yawa, wato su taru har su cika C, Windows ta rasa inda za ta ajiye abin da take aiki a kai. Duba C ɗinka a This PC, idan sandar da ke ƙarƙashinsa ta yi ja, wannan kaɗai ya isa dalili. Ina kyautata zaton sauƙin kwana biyun da ka samu daga nan ya fito, ko kuma daga sake kunna kwamfutar da ka yi bayan gogewar.

Abin da za ka fara yi yau shi ne ka samo faifan waje ko babban filash mai kyau, ka kwashe takardun kwastomomi, da zane-zanen Corel, da hotunan fasfo, da duk abin da ba za ka iya sake samowa ba. Ka fara da mafi muhimmanci, folda bayan folda, kada ka ɗebo komai a tashi ɗaya. Ka sa ido yayin da ake kwafin, domin shi kansa gwaji ne. Idan gudun kwafin yana faɗuwa zuwa sifili ya daɗe a haka, ko kwamfutar ta daskare a kan fayil ɗaya duk lokacin da aka iso shi, ko aka nuna maka saƙo mai ɗauke da kalmomin cyclic redundancy check, to faifan ne ke kasa karanta wannan wurin. Ka tsallake fayil ɗin ka ci gaba da sauran, ka dawo kansa daga baya.

Takardar Word da ta ƙi buɗuwa ba a fid da rai da ita tukuna. Ka yi kwafinta, duk gwajin da za ka yi ya kasance a kan kwafin. Ka buɗe Word, ka shiga File, Open, Browse, ka zaɓi takardar, maimakon danna Open ka danna 'yar kibiyar da ke gefensa ka zaɓi Open and Repair. Idan hakan bai yi ba, ka shiga File, Info, Manage Document, ka duba Recover Unsaved Documents. Kwafin gaggawa da Word ke yi, masu ƙarewa da .asd, suna zama ne a AppData\Roaming\Microsoft\Word, wato ba cikin foldar da ka goge ba, don haka akwai yiwuwar suna nan. A foldar da takardar take, idan ka sa Windows ta nuna ɓoyayyun fayiloli, kana iya ganin wasu da sunansu ya fara da ~WRL ya ƙare da .tmp, ka kwafi ɗaya, ka sauya ƙarshensa zuwa .docx, ka gwada buɗewa. Wanda sunansa ya fara da ~$ kuwa ɗan ƙaramin fayil ne da ke nuna cewa wani yana kan takardar, ba ya ɗauke da rubutunta, kuma idan ya rage bayan daskarewa shi ne ke sa Word ta ce an kulle takardar, sai a rufe Word a goge shi. In duk waɗannan sun ƙi, akwai dabara ɗaya da ta sha fitar da mu kunya a gaban masu takardu. Fayil na .docx a haƙiƙa ƙunshi ne na zip. Ka sauya ƙarshen kwafin zuwa .zip ka buɗe, za ka ga folda mai suna word, a cikinta akwai document.xml wanda ke ɗauke da rubutun, da foldar media wadda ke ɗauke da hotunan. Ko da tsarin shafi ya tafi, samun rubutun ya fi sake buga shafi hamsin na ɗalibin da ke jiran aikinsa. Daga nan ka shiga File, Options, Save, ka rage tazarar kwafin gaggawa daga minti 10 da ta zo da shi zuwa minti 3.

Bayan ka adana kayanka, sai neman irin daskarewar, domin ba iri ɗaya ba ce. In ta sake tsayawa, kada hannunka ya yi saurin zuwa maɓallin kashewa. Ka fara danna Caps Lock ka kalli 'yar fitilarsa a kan kibod. Idan tana kunnuwa tana mutuwa, Windows tana raye, wata manhaja ce ko ɓangaren nuna hoto ya maƙale. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare domin buɗe Task Manager, ka rufe manhajar da ta daina amsawa. Idan hoton allon ne ya tsaya amma kana jin sauti yana ci gaba, ka danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, za ka ji 'yar ƙara, allon ya ƙifta, alamar an sake tayar da direban hoto ke nan, wato 'yar manhajar da ke sarrafa ɓangaren nuna hoto. Idan kibiyar maus tana yawo amma duk abin da ka danna ba ya amsawa, kuma fitilar faifai da ke gaban akwatin tana kunne ba ta ƙiftawa, ka yi haƙuri ka jira minti biyar. Sau da yawa za ta farfaɗo da kanta ta aiwatar da duk abin da ka danna a lokaci guda, kuma wannan halin faifai ne mai wahalar karatu. Idan kuwa maus ya tsaya, Caps Lock ba ya amsawa, agogon ƙasan allo ma ya tsaya, a nan ne ake zargin ram, ko zafi, ko wuta, ko wani direba, kuma a nan ne kaɗai danne maɓallin ya zama dole.

Windows tana rubuta tarihin abin da ya same ta, amma mutane kaɗan ne ke leƙa shi. Ka danna Windows da R ka rubuta perfmon /rel, za ka ga jadawalin kwanaki da jar alama a kan kowace ranar da wata manhaja ta faɗi ko kwamfutar ta mutu ba shiri. Ka koma baya ka nemo ranar da jajayen suka fara, ka duba abin da aka saka ko aka sabunta a kusa da ita. A Event Viewer kuma, ƙarƙashin Windows Logs da System, za ka ga lamba 41 mai suna Kernel-Power. Wannan lamba tana tayar wa mutane hankali, amma abin da take faɗa kawai shi ne kwamfutar ta mutu ba bisa tsari ba, ba ta faɗin dalili. Waɗanda ya kamata ka nema su ne masu suna disk. Lamba 7 tana nufin an tarar da wurin da ya lalace a faifai, 51 da 153 kuma suna nuna kuskure ko maimaita ƙoƙari wajen karatu da rubutu.

Daga yadda ka bayyana lamarin, faifan ajiya na fi zargi, kuma a kansa nake so ka fi ba da lokaci. Kwamfutocin tokunbo da ake sayarwa a Ikeja da Alaba da yawansu sun riga sun yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai ko Amurka kafin su iso nan, kuma da dama suna zuwa da tsohon nau'in faifai, HDD, wanda ke da faranti a ciki masu juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da 'yar allura da ke shawagi a kansu tana karatu. Idan wani wuri a kan farantin ya yi rauni, faifan ba ya haƙura nan da nan, yana ta maimaita karanta wurin, ita kuma Windows tana tsaye tana jiransa, kuma wannan jiran shi ne daskarewar da kake gani. Ka sauke CrystalDiskInfo, manhaja ce ta kyauta da ke karanta rahoton da faifai ke rubutawa game da lafiyarsa. Idan ta nuna Caution da launin rawaya, ko Bad da ja, magana ta ƙare. Ka duba layuka uku musamman, wato Reallocated Sectors Count, da Current Pending Sector Count, da Uncorrectable Sector Count, domin a faifai mai lafiya ainihin adadinsu da ke jerin Raw Values sifili ne. Ka duba kuma Power On Hours. Shekara guda sa'o'i 8,760 ce, saboda haka faifan da ya nuna 30,000 ya yi sama da shekara uku yana juyawa ba hutawa. Ko ta nuna Good ma, ka buɗe Task Manager, ɓangaren Performance, ka kalli Disk: idan yana kan kashi 100 alhali abin da yake karantawa kaɗan ne, kuma Average response time yana haura ms dubu, wato daƙiƙa guda, faifan yana shan wahala. Kafin ka yanke masa hukunci, ka sauya wayar SATA da ta haɗa shi da babban allon cikin akwatin, wato motherboard, domin ba ta da tsada kuma lalatacciyar waya tana ba da irin waɗannan alamu.

Ina so in ja kunnenka a kan umarnin chkdsk, domin shi ne abin da mutane ke saurin ba da shawara a kai. Umarnin chkdsk C: /f yana gyara tsarin fayiloli, kuma yana da amfani bayan yawan kashewar ƙarfi. Amma chkdsk C: /r yana bin faifan gaba ɗaya yana karanta kowane wuri, aikin da ke iya ɗaukar sa'o'i masu yawa, kuma faifan da ke gab da mutuwa yana iya ƙarasawa a tsakiyar wannan aikin, ballantana a ce wuta ta yanke yana ciki. Kada ka gudanar da ko ɗaya daga cikinsu sai kayanka suna wani wuri. Idan ta tabbata faifan ne, babu manhajar da za ta warkar da shi, kuma fomatin zai ɓoye matsalar ne na 'yan makonni. Ka sayi SSD, ko da mai 256GB ne, wanda ba shi da wani abu mai juyawa a ciki. A ganina babu kuɗin da mai tsohuwar kwamfuta zai kashe ya ga amfaninsa kamar wannan.

Ram na 4GB ya yi kaɗan ga wanda ke buɗe Chrome da Word da CorelDRAW a lokaci guda. Idan ram ya cika, Windows tana juye abin da ya yi saura a wani babban fayil mai suna pagefile.sys da ke kan faifai, ka ga idan faifan da ma mai rauni ne, nauyi ya hau kan nauyi. Ƙara shi zuwa 8GB zai rage wannan sosai. Ƙarancin ram dabam, lalacewarsa dabam, kuma lalataccen ram yana iya ɓata fayiloli ko da faifai lafiyarsa ƙalau, tunda duk abin da za a rubuta ta cikinsa yake bi. Ka rubuta mdsched.exe a akwatin Windows da R domin gwajin da Windows ta zo da shi, ko ka sa MemTest86 a filash ka bar shi ya yi sa'o'i. Kuskure ko guda ɗaya ne ya isa a sauya ram ɗin. Laimar Legas tana sa haƙoran ram masu ruwan zinariya su dushe. Ka zare wayar wuta, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka, ka cire ram ɗin, ka goge haƙoran da magogin fensir mai tsabta, ka kakkaɓe, ka mayar har ka ji maƙallan gefe sun kama. Idan guda biyu ne, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Zafi ya fi kawo jan ƙafa ko mutuwa farat ɗaya, amma yana daskararwa ma. Shagon buga takardu yana tara ƙurar takarda da garin tona fiye da yadda ake zato. Ka buɗe gefen akwatin ka kalli ƙarfen da ke ƙarƙashin fankar firosesa, sau da yawa za ka tarar ƙura ta danƙare a tsakanin haƙarƙarinsa har iska ba ta wucewa. A hure ta da abin hura iska, a riƙe fankar da yatsa kada ta juya, a kuma sauya man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen idan ya bushe. Manhajar HWMonitor za ta nuna maka ma'aunin zafin. Yawancin firosesa suna rage gudu da kansu idan suka kusanci digiri 100, don haka wanda ke kan 85 ko 90 alhali Word kawai aka buɗe yana buƙatar kulawa.

Batun wuta kuma ya shafe ka fiye da mai kwamfuta a gida. Injin fotokwafi da firintar laser suna jan wuta mai yawa a lokacin da suke ɗumama ƙarfen da ke manna tona a takarda, kuma idan duk suna kan ƙaramin janareta ɗaya da kwamfutar, ƙarfin wutar yana faɗuwa na ɗan lokaci a duk sanda suka tashi. Tsohon akwatin wutar da ke cikin kwamfuta ba ya jure wannan. Ka lura ko daskarewar tana zuwa ne a daidai lokacin da fotokwafi ya fara aiki, ko lokacin da ake kan janareta. Ka nemi UPS, ko da mai 650VA ne, ka jona kwamfuta da allonta kaɗai a kansa. Kada ka jona firintar laser ko fotokwafi a jikinsa, domin sun fi ƙarfinsa. 'Yan mintocin da zai ba ka sun isa ka ajiye aiki ka kashe ta bisa tsari, ko ka tayar da janareta.

Idan faifai da ram da zafi da wuta duk sun fita daga zargi, sai a dawo kan shara da gyaran Windows. Ka danna Restart tukuna, domin tun daga Windows 8 akwai tsarin Fast Startup da ke sa Shut down ya adana wani ɓangare na tsarin ya dawo da shi gobe, da matsalarsa da komai, alhali Restart yana farawa ne daga tushe. Sannan ka buɗe %temp%, ka zaɓi duka ka goge, duk wanda aka ce ana amfani da shi ka danna Skip. Sauran ka bar wa Disk Cleanup, ko Settings, System, Storage, Temporary files, amma ka karanta jerin da kyau kafin ka danna, domin foldar Downloads da Recycle Bin suna cikinsa, kuma na san masu shago da yawa a Downloads suke barin takardun da kwastomomi suka turo. Kada ka taɓa C:\Windows\Installer ko WinSxS da hannu, kuma foldar Prefetch da ake yawan cewa a goge, gogewarta ba ta ƙara gudu. Manhajojin da ke alkawarin share rajistar Windows, wato kundin saitinta, da ninka gudun kwamfuta ba na ba kowa shawarar saka su. Idan sabuntawar Windows ce ke maƙalewa, ka buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa, ka rubuta net stop wuauserv, sannan net stop bits, ka sauya sunan foldar C:\Windows\SoftwareDistribution, ka sake kunna kwamfutar, za ta ƙirƙiri sabuwa da kanta. Domin gyara fayilolin tsarin, a cikin Command Prompt ɗin ka fara da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wanda ke buƙatar intanet, in ya gama ka bi shi da sfc /scannow.

Gwaji ɗaya da ke raba gardama shi ne Safe Mode. Ka riƙe Shift ka danna Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings. A wannan yanayi Windows tana tashi da mafi ƙarancin direbobi da manhajoji. Idan ta yi sa'o'i a haka ba ta daskare ba, to wata manhaja ce ko direba, sai ka fara cire abubuwan da ka saka kwanan nan da waɗanda ke tashi tare da kwamfutar. Idan ta daskare a nan ma, galibi kayan cikin akwatin ne. Kwamfutar da filash ɗin kowa ke shiga tana cikin haɗarin bairos, musamman irin wanda ke ɓoye folda ya bar gajerun hanyoyi a madadinta, saboda haka ka gudanar da cikakken bincike da Windows Security, kuma kada ka haɗa manhajojin kariya biyu masu aiki a lokaci guda, domin su kansu suna jawo daskarewa.

Fomatin yana da wurinsa: idan kayan ciki sun tabbata lafiya kuma DISM da sfc sun kasa gyara, ko kuma idan ka sayi SSD, wanda gara a saka masa sabuwar Windows da a kwafo masa tsohuwar da ta sha kashewar ƙarfi. Ka sani kuma Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin injin, da firosesa wanda a ɓangaren Intel galibi daga zango na 8 ne zuwa sama, don haka ka tambayi mai gyara ko injinka zai ɗauka kafin ka zuba masa kuɗi da yawa. In za ka kai ta gyara, ka tafi da bayanin abin da ka gani: ko Caps Lock yana amsawa, da lambobin da ka samu a Event Viewer, da hoton allon CrystalDiskInfo a wayarka. Ka ce a gwada faifai da ram a gabanka kafin a goge komai. Idan an sauya faifan, ka karɓi tsohon ka tafi da shi, domin yana ɗauke da takardun shaidar karatu da hotuna da lambobin NIN na mutanen da suka ba ka amanarsu, kuma wataƙila a iya ciro sauran fayilolin da suka ƙi kwafuwa daga cikinsa idan aka jona shi a wata kwamfutar.